Tsawaita zaman antibodi na magani a cikin jini

Antibodi furotin ne da garkuwar jiki ke ƙerawa domin kama ƙwayoyin cuta, kuma tun 1986 ake amfani da irin wanda aka haɗa a ɗakin gwaji wajen yi wa marasa lafiya magani. Tsawaita zamansa a jini wani reshe ne na kimiyyar haɗa magunguna da ke sauya ƙirar furotin ɗin domin jiki ya yi jinkirin narkar da shi, ta yadda allura ɗaya za ta wadatar a inda da sai an yi da yawa. Ma'aunin da masana ke dubawa shi ne rabin wa'adi, wato lokacin da maganin ke ɗauka kafin adadinsa a jini ya ragu da rabi. Nau'in IgG, wanda mafi yawan waɗannan magunguna suka fito daga cikinsa, yakan kai kusan kwana 21, alhali IgA da IgM ba sa wuce kwana biyar zuwa shida.

Tarihi

Asalin fagen ya faro ne daga binciken yadda uwa ke miƙa wa ɗanta garkuwa. Masanin dabbobi Rogers Brambell, wanda ya yi aiki a Bangor ta yankin Wales, ya daɗe yana nazarin wannan a jikin zomaye. A 1964 shi da abokan aikinsa suka yi bayanin wani abu da ya ɗaure wa masana kai: idan IgG ya yi yawa a jini, sai jiki ya ƙara saurin narkar da shi. Suka ce lalle akwai wani makarɓi a cikin ƙwayoyin jiki da ke riƙe IgG yana kuɓutar da shi, kuma idan guraben makarɓin suka cika, abin da ya rage sai ya lalace. Hasashe ne mai ban sha'awa, domin an yi shi ne shekaru da dama kafin kowa ya ga makarɓin.

A cikin shekarun 1980 aka ware shi daga hanjin jariran ɓeraye, sannan a 1989 Neil Simister da Keith Mostov suka bayyana ƙwayar gadon da ke samar da shi. Sunansa FcRn. A 1996 wasu rukunonin masana, kowanne a nasa ɗakin gwajin, suka nuna cewa ɓerayen da makarɓin ba ya aiki a jikinsu suna rasa IgG da sauri, abin da ya tabbatar da maganar Brambell bayan rasuwarsa. Shekara ɗaya bayan nan, Victor Ghetie da Sally Ward suka sauya wasu gurabe a jelar antibodi, wato sashen Fc, suka ga zamansa a jinin ɓera ya ƙaru.

Yadda yake aiki

Ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin jijiyoyin jini kullum suna haɗiye ruwan jini kaɗan-kaɗan zuwa cikin wasu ƙananan jakunkuna. Cikin jakar akwai ɗan tsami, kimanin 6.0 a ma'aunin tsami na pH, kuma a wannan yanayi ne histidin da ke jelar IgG, ɗaya daga cikin tubalan ginin furotin da ake kira amino asid, ke ɗaukar caji su manne wa FcRn. Furotin ɗin da bai samu riƙo ba ana tura shi inda za a narkar da shi. Wanda ya samu riƙo kuwa ana mayar da shi bakin ƙwayar, inda pH na jini yake 7.4, nan take riƙon ya kwance, antibodi ya koma yawo. Wuyar aikin ke nan ga masu ƙira: dole a ƙarfafa riƙon a cikin tsami ba tare da an ƙarfafa shi a jini ba, domin antibodin da ya ƙi sakin makarɓin yakan fi na asali saurin ɓacewa.

Sanannun sauye-sauye

Guda biyu ne suka fi yaɗuwa. YTE, wanda kamfanin MedImmune na Amurka ya samar a farkon shekarun 2000, ya sauya amino asid uku a gurabe na 252 da 254 da 256, kuma ya ninka ƙarfin riƙo a cikin tsami kusan sau goma. LS na kamfanin Xencor, wanda aka bayyana a 2010, ya sauya biyu a gurabe na 428 da 434. Akwai kuma hanyoyin liƙa wa guntun antibodi wani sinadari mai suna PEG ko haɗa shi da albumin, wani furotin na jini, domin ya daɗe.

Amfani

Ravulizumab, wanda aka amince da shi a Amurka a 2018 domin wata cutar fashewar jajayen ƙwayoyin jini, gyararren wani tsohon antibodi ne mai suna eculizumab. Rabin wa'adinsa ya kai kusan kwana 50 maimakon 11, don haka majinyaci ya koma karɓar ƙarin maganin duk mako takwas a madadin duk mako biyu. Nirsevimab, mai ɗauke da YTE, yana kare jarirai daga ƙwayar cutar numfashi ta RSV da allura ɗaya a kakar cutar, inda tsohon maganin palivizumab na 1998 ke buƙatar allura kowane wata.

Gwajin da ya fi shafar yankin Sahel shi ne na zazzaɓin cizon sauro, wanda ke tsananta da damina. A ƙauyukan Kalifabougou da Torodo na ƙasar Mali, masu bincike daga Bamako da Amurka sun gwada wani antibodi mai ɗauke da LS, mai suna CIS43LS, a kan manya, kuma sakamakon da aka wallafa a 2022 ya nuna cewa adadi mafi yawa na maganin da aka ba su sau ɗaya ta jijiya ya rage kamuwa da cutar da kimanin kashi 88 cikin ɗari na tsawon wata shida. An bi shi da L9LS, wanda aka gwada a kan yara ta hanyar allura a ƙarƙashin fata.

Iyakoki

An lura cewa YTE yana rage ƙarfin antibodi wajen kiran ƙwayoyin garkuwa masu kisa, abin da ya sa bai dace da kowane magani ba. Idan magani ya jawo illa, dogon zamansa yana tsawaita illar. Ƙwayar cuta ma tana iya sauya kama: a Janairun 2023 Amurka ta janye izinin Evusheld, wani maganin antibodi na kariya daga korona, bayan sababbin nau'o'in korona sun daina jin sa. Batun farashi da isar maganin ga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi har yanzu ana muhawara a kansa.