Ina Kuɗin Hayarmu Yake Tafiya? Amsoshi kan Ƙungiyoyin Gidajen Rangwame a Ingila

Tambayoyin nan dai su ne ke ta dawowa, yau daga bakin wannan, gobe daga bakin wancan. Na tattara su wuri guda don in huta. Wanda ya sake aiko mini da ɗaya daga cikinsu, nan zan turo shi. Maganar Ingila nake yi kawai, domin Sikotilan da Wales kowacce da nata tsarin da hukumarta.

Ashe ba gidajen gwamnati ba ne?

Wasu ne kawai. Cikin gidajen haya masu rangwame kimanin miliyan 4 da ke Ingila, ƙananan hukumomi na riƙe da wani kaso, mafi yawa kuma suna hannun ƙungiyoyin gidaje masu zaman kansu waɗanda ba don riba aka kafa su ba. Peabody ta Landan tun 1862 take. Duba takardar hayarka, sunan mai gidanka yana sama.

Na ga rahoton ƙungiyarmu, sun ce sun samu rarar miliyoyin fam. To me ya hana su gyara mini silin da ke yoyo?

Malam, tambayarka biyu ce ka cuɗe su. Silin ɗinka haƙƙinka ne, ko da rara ko babu, kada ka bari kowa ya kawo maka uzurin kuɗi a kansa.

Rarar kuma da ka gani a takarda ba tsabar kuɗi ba ce da ke zaune a banki tana jiran ka. A cikinta akwai ribar gidajen da aka sayar, wadda sau ɗaya take zuwa. Sannan manyan gyare-gyare, irin su sauya rufi ko tagogin bene gaba ɗaya, ba a cire kuɗinsu duka a shekarar da aka kashe su, rarraba su ake yi a kan shekaru masu yawa, alhali an riga an biya ɗan kwangila. Shi ya sa hukumar gwamnati da ke sa ido kan ƙungiyoyin gidaje take da nata ma'aunin: a cire duk kuɗin gyara daga abin da haya ta kawo, a ga ko ragowar za ta biya kuɗin ruwan bashi. A shekarar kuɗi ta 2023/24, da aka haɗa lissafin manyan ƙungiyoyin baki ɗaya, ragowar ba ta kai ba. Wato sai an sayar da gida ko an ƙaro bashi kafin a cike giɓin.

Wa ke yanke kuɗin haya?

Gwamnati ce ke sa iyaka, ƙungiya ba ta isa ta wuce ba. Nan ne tushen rabin matsalar. A 2015 George Osborne, ministan kuɗi na lokacin, ya ba da sanarwar a riƙa rage haya da kashi 1 cikin 100 kowace shekara har shekara huɗu, daga Afrilun 2016, alhali ƙungiyoyi sun riga sun ci bashin shekara talatin bisa alƙawarin cewa haya za ta riƙa hawa. Daga 2020 aka koma ƙara haya daidai da hauhawar farashi da ƙarin kashi 1. Da farashi ya haukace a 2022, lissafin ya ba da kashi 11.1, sai gwamnati ta tsayar da shi a kashi 7. Ɗan haya ya samu sauƙi, kuma ya cancanta. Amma mai sayar da katako da mai gyaran famfo ba wanda ya sa musu iyaka. A 2025 an yi alƙawarin shekara goma na hauhawar farashi da ƙarin kashi 1, daga Afrilun 2026. An taɓa yin alƙawarin shekara goma a baya aka karya, don haka ni dai sai na gani.

Me ya kai ƙungiyar taimako ga cin bashi da ruwa?

Da me za ta yi gini? Tun dokar gidaje ta 1988 aka tsara cewa tallafin gwamnati zai biya wani ɓangare, sauran a ciyo daga bankuna da kasuwar takardun bashi, a jinginar da gidajen da ake da su. A 2024 bashin da ke kan ƙungiyoyin ya tasar wa fam biliyan 100. Lokacin da kuɗin ruwan Babban Bankin Ingila yake kan kashi 0.1, abin ba ya ciwo. Zuwa Agustan 2023 ya kai 5.25.

Mene ne G1 da V2 da nake gani?

Makin hukumar sa ido ne. G na shugabanci, V na lafiyar aljihu, C kuma, wanda aka fara a Afrilun 2024, na yadda ake kula da 'yan haya. 1 da 2 an ci jarrabawa a G da V, 3 da 4 an faɗi. V2 ba abin tashin hankali ba ne, manyan ƙungiyoyi da dama a nan suke. G3 shi ne wanda za ka buɗe ido a kansa. Kyauta ake karanta hukuncin a shafin gwamnati, ku daina tambayata makin ƙungiyoyinku.

An gayyace ni in shiga kwamitin gudanarwa na ƙungiyarmu a matsayin 'yar haya. In karɓa?

Hajiya, wannan ce kaɗai tambayar da ba zan iya yanke miki da kalma ɗaya ba, don amsar ta danganta da ƙungiyar, da lokacinki, da kuma irin haƙurinki.

Ki fara sanin abin da sau da yawa ba a faɗa wa mutum sai ya zauna a kujera. Ranar da kika shiga kwamiti, a idon doka ke ba wakiliyar maƙwabtanki ba ce. Nauyin da ke kan shugaban kwamiti shi ke kanki, wato kare maslahar ƙungiyar gaba ɗaya. Wata rana za a kawo ƙarin haya mafi girma da gwamnati ta yarda da shi, lissafi ya nuna in ba a yi ba za a saɓa sharaɗin banki, ki ɗaga hannu ki amince, ki dawo gida ki haɗu da maƙwabciyarki a matakala. In kin san ba za ki iya wannan ba, akwai kwamitin bin diddigi na 'yan haya a ƙungiyoyi da yawa, inda aikinki shi ne tuhuma kawai, kuma ba ƙasƙanci ba ne ki zaɓi can.

In kuma kin ga za ki iya, kada ki ce to sai kin ga wasu takardu. Ki nemi hukuncin hukumar sa ido na baya-bayan nan. Ki nemi jerin basussuka da sharuɗɗansu: nawa ne ruwansa a tsaye yake, nawa ne ke hawa da sauka, wanne ne wa'adinsa ya kusa cika. Sharaɗin da ya fi kashe ƙungiyoyi shi ne wanda banki ke cewa dole abin da ke shigowa ya zarce kuɗin ruwa da wani kaso. Aka saɓa wa banki ɗaya, sauran ma suna iya cewa a biya su nan take, domin yarjejeniyoyin a sarƙe suke da juna. Ki tambayi tazarar da ke tsakanin inda ake yanzu da wannan layin. In daraktan kuɗi ya amsa miki da lamba, alama ce mai kyau. In ya amsa da murmushi da dogon turanci, ki sake tambaya, ki kuma nemi a rubuta a bayanin taro cewa kin tambaya.

Tun 2015 hukuma ta wajabta wa ƙungiyoyi su riƙa gwajin juriya, wato a ɗauki tsarin kuɗi a jefa masa masifu a kwamfuta: ruwa ya hau, gidajen sayarwa sun ƙi sayuwa, gwamnati ta daskarar da haya, duk a lokaci guda. Wasu kwamitoci kan karɓi shafuka masu launin kore su gyaɗa kai. Ke ki tambayi masifar da za ta karya ƙungiyar, da abin da za a fara dakatarwa ranar da ta zo. In aka ce babu abin da zai karya ta, ba a yi gwajin ba.

Sai ki dubi harkokin gefe, domin a nan ne aka fi zamewa. Cosmopolitan ta Libaful ta kusa nutsewa a 2012 saboda yarjejeniyoyin gidajen ɗalibai da suka ɗora wa gidajen talakawa nauyin da kwamiti bai fahimta ba, sai da wata babbar ƙungiya mai suna Sanctuary ta haɗiye ta a 2013. Swan ta zurfafa a ginin gidajen sayarwa, har da masana'antar haɗa sassan gida, ita ma a 2023 ta ƙare a hannun Sanctuary. A Holan, Vestia ta yi asarar kusan Yuro biliyan 2 a 2012 kan cinikin inshorar kuɗin ruwa da ƴan ƙalilan ne a cikin gidan suka gane kansa. Ba wai duk harkar gefe haramun ba ce, ribar sayar da gidaje ta gina gidajen haya masu yawa a shekarun da tallafi ya yi ƙaranci. Abin tambaya shi ne, in ta ɓaci, wa zai biya? Ƙaramar ƙungiyar da ba ta mallaki gidajenta ba, ta karɓo su haya ta shekara ashirin ko fiye daga masu zuba jari, da ƙarin kuɗi kowace shekara ko da ɗakunan ba kowa, wannan kam ina ba ki shawara ki yi nesa da ita. First Priority ta kusa rushewa a 2018 ta wannan hanyar, hukuma kuma ta yi ta gargaɗi a kan tsarin.

Game da ke kanki: a bisa al'ada ba a bin ɗan kwamiti bashin ƙungiya daga aljihunsa in ya yi aiki da gaskiya da kulawa, amma wannan ya danganta da yadda aka yi wa ƙungiyar rajista, don haka ki nemi a nuna miki inshorar 'yan kwamiti a rubuce. In ana biyan alawus kuma kina karɓar tallafin gwamnati, ki tambayi mai ba da shawara kan tallafi tun kafin kuɗin farko ya shigo, don yana iya taɓa abin da kike samu. Ƙa'idar shugabanci ta 2020 da yawancinsu ke bi ta sa wa'adi shekara shida, a wasu lokuta har tara. Takardun taro kuwa suna da kauri, kuma dole a karanta.

Ra'ayina? In makin G1 ne ko G2, an ba ki takardun ba tare da jan ƙafa ba, an kuma yi miki alƙawarin horo, ki karɓa. Kwamitoci cike suke da akantoci da lauyoyi, abin da suka rasa shi ne mutumin da ya san wace lifta ce ta yi wata guda ba ta aiki.

Shugabanninsu ba su cika ɗibar albashi ba?

Wasu sun cika. Albashin yana cikin rahoton shekara, je ka duba ka yi ƙorafi. Amma ko kyauta shugaban babbar ƙungiya ya yi aiki, abin da za a tara ba zai sauya rufin unguwa ɗaya ba.

In ƙungiyarmu ta durƙushe, za a fitar da mu?

Kwantar da hankalinka, bawan Allah. Abin da aka saba gani shi ne wata babbar ƙungiya ta karɓi gidajen da mutanen da ke ciki. Ujima ta Landan ta karye a ƙarshen 2007, ƙungiyar L&Q ta karɓe ta, 'yan haya suna cikin ɗakunansu. Doka ta tanadi ɗan lokacin da masu bin bashi ba su isa su taɓa gidajen ba har hukuma ta nemo mafita, dokar 2016 kuma ta ƙara da tsarin naɗa mai riƙon ƙwarya na musamman. Abin da zai sauya shi ne tambarin da ke kan wasiƙa da lambar da za ka kira. Kada dai ka ji raɗe-raɗi ka daina biyan haya. Wannan ne zai iya fitar da kai.

Sun ce funfunar da ke bangona laifina ne, wai ina shanya kaya a ɗaki.

Wannan maganar ta isa haka, kuma da ma'aikatan nake. Awaab Ishak, yaro ɗan shekara biyu, ya rasu a Disambar 2020 a Rochdale saboda funfunar gidansu, bayan mahaifinsa ya daɗe yana kai kuka, ana ɗora laifin a kan yanayin zamansu. Bayan binciken kotu a Nuwambar 2022 aka sallami shugaban ƙungiyar. Kafin shi akwai gobarar benen Grenfell ta 14 ga Yunin 2017 a Landan, inda mutum 72 suka rasu, su ma mazauna sun yi gargaɗi ba a saurara ba. Daga nan dokar 2023 ta sa ido kan gidajen rangwame ta fito, daga 27 ga Oktoban 2025 kuma dokar da ke ɗauke da sunan Awaab ta fara aiki: haɗari na gaggawa a magance cikin awa 24, danshi da funfuna mai tsanani a bincika cikin kwanakin aiki 10. Ka kai ƙorafinka a rubuce, ka ɗauki hoto mai kwanan wata, in an yi biris ka wuce ofishin mai sauraron ƙorafin gidaje.

Wanda ke ganin wannan ba maganar kuɗi ba ce bai gane ba. Kwamitin da bai san halin da bangon gidajensa ke ciki ba, tsarin kuɗinsa na shekara talatin ƙarya ne tun daga shafin farko, domin bai san abin da zai kashe ba. Da yawa sun yi shekaru suna duba ƴan gidaje kaɗan su ƙiyasta sauran. Da aka shiga ɗaki-ɗaki, lissafin gyara ya tashi.

To me ya sa suka rage gina sababbi, ga mutane a layi?

Fam ɗaya ba ya zuwa wuri biyu. Cire lulluɓin bango mai cin wuta, gyaran danshi, da kai gidaje matakin C na adana zafi kafin 2030, duk dole ne, kuma ba wanda ke ƙaro ko kwabo na haya. Sabon gini shi ne babban abin da kwamiti ke iya dakatarwa ba tare da ya karya doka ba, shi ya sa shi ake fara yankewa, musamman a Landan inda dogayen benaye suka fi yawa. Iyalai kimanin miliyan 1.3 ne ke jira a layin ƙananan hukumomi. Gwamnati ta ware fam biliyan 39 na shekara goma a 2025, amma tallafi ba ya biyan gini duka, sai ƙungiya ta ƙara da bashi, wadda kuma ke dab da layin sharaɗin banki ba ta da damar ciyo wani.