Lasisi da Takardar Shaida a Aikin Hifnosis

Hifnosis hanya ce ta kai mutum ga nutsuwa mai zurfi da magana kawai, har hankalinsa ya tattaru wuri guda, ya fi saurin karɓar shawara. Ba barci ba ne, ba kuma rufa-ido ba, ko da yake a Kano mutum na ganin bidiyonsa a waya sunan da zai fara ba shi ke nan. James Braid, likitan tiyata ɗan Sikotlan, shi ya yaɗa sunan hifnosis a shekarun 1840. Ƙungiyar likitocin Birtaniya ta amince da shi a harkar jinya a 1955, ta Amurka kuma a 1958.

Lasisi daban, satifiket daban. Hukuma ce ke ba da lasisi, kuma tana iya ƙwace shi. Satifiket kuwa makaranta ko ƙungiya ce ke bayarwa, shaidar an halarci horo. Isra'ila ta ɗaure abin tamau: dokarta ta 1984 ta keɓe aikin ga likitoci, da likitocin haƙori, da masana halayyar ɗan Adam. A Birtaniya dokar 1952 ta shafi masu nuna shi a dandali don nishaɗi ne, sai sun nemi izinin ƙaramar hukuma. Mai yin sa don jinya kuwa, rajista ganin damarsa ce.

A nan gizo ke saƙar. A 2009 wani ma'aikacin BBC ya yi wa kyanwarsa, mai suna George, rajista a matsayin ƙwararriya a ƙungiyoyin wannan fanni, kuma aka karɓa. Babu wanda ya nemi ganin mai sunan, balle ya jarraba ta. Saboda haka darajar takarda na ga wanda ya bayar da ita. Ƙungiyar hifnosis da likitan ƙwaƙwalwa Milton Erickson ya kafa a Amurka a 1957, alal misali, ma'aikatan lafiya take horarwa.

Amfanin sahihiyar takarda a fili yake. Mai ita na samun inshorar sana'a, likitoci na turo masa marasa lafiya, wanda aka cuta kuma ya san inda zai kai ƙara. Horo mai kyau na koya masa inda iyakarsa take: yana iya taimakawa wajen rage zafin ciwo, da fargaba, da wani nau'in ciwon hanji mai yawan dawowa, amma mai taɓin hankali likita ake miƙa wa.

A Najeriya satifiket ɗin da aka samu ta intanet, ko da an sa masa firam an rataye a bango, ba ya mai da kowa likita. Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ce ke ba da wannan lasisi. A Kano kuma wurin jinya mai zaman kansa sai ya yi rajista da PHIMA, hukumar jiha mai sa ido kan irin waɗannan wurare, wadda kan garƙame na bogi. Sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da asibitin Dawanau ne wuraren da aka saba kai masu lalurar ƙwaƙwalwa.