Sauya ra'ayi ba magana biyu ba ne

A bangon littafina na sakandare na taɓa rubuta da jan biro: "Namiji ba ya magana biyu." Na riƙe wannan take shekaru, har nakan ci gaba da musu a majalisa bayan na gane an ka da ni, don kada a ce na janye. Da yawanmu a haka muka taso, muna ganin duk wanda ya bar ra'ayin da aka san shi da shi ba shi da alƙibla.

An haɗa abu biyu ne da ba su haɗu ba. Magana biyu saɓa alkawari ce: ka ce wa mai shago gobe za ka biya, gobe ta yi ka musa. Barin fahimta don hujja ta bayyana wani abu ne daban.

Dubi Imamu Shafi'i. Ya karantar a Bagadaza, ya yi fatawoyi, sannan ya koma Masar wajen shekara ta 199 bayan Hijira. A can ya sake nazari, ya janye maganganunsa da dama kafin rasuwarsa a 204. Har yau littattafan mazhabarsa suna rarrabe tsohuwar magana da sabuwa, kuma galibi da sabuwar ake fatawa. Abin da ya fi burge ni ma, malaman da suka biyo baya, irin su Nawawi, sun koma wa tsohuwar a 'yan mas'aloli kaɗan, domin sun ga hujjarta ta fi ƙarfi.