Tarayyar tushe tsakanin motocin alfarma da motocin gama-gari

Tarayyar tushe dabara ce da kamfanonin ƙera motoci ke bi su gina motoci iri-iri, masu suna daban da farashi daban, a kan shimfiɗa guda. Tushen ya ƙunshi ƙasan mota, mazaunin inji da giya, wuraren da ake ɗaura sitiyari da birki da sifirin, da tsarin wayoyin lantarki. Makanikai a Saudiyya, har da Hausawan da ke sana'ar a garejin Makka da Jidda, kan dunƙule duka su ce shasi, ko da yake yawancin ƙananan motocin yanzu ba su da shasi mai zaman kansa, ƙasan da bodin a haɗe ake walda su. Batun ya fi tayar da ƙura idan mota mai tsada ta haɗa tushe da wadda ake haya da ita a titi.

Dalilin yin hakan

Ƙirƙiro sabon tushe yana cikin abubuwan da suka fi cin kuɗi a harkar mota. Ana shafe shekaru ana zane, ana gwajin karo, ana sayen injinan buga ƙarfe. Idan aka raba wannan kuɗi a kan motoci masu yawa, abin da ya hau kan kowace ɗaya sai ya ragu. Motar alfarma kuwa ba a sayar da ita da yawa, don haka jingina ta da motar da ake ƙerawa dubbai ya fi riba.

Volkswagen ya fito da tushen MQB a 2012, a kansa aka gina Audi A3 da Golf da Skoda Octavia da SEAT Leon. Toyota ya fara nasa tsarin, TNGA, a 2015 da motar Prius. Irin waɗannan tushe na zamani ana iya miƙa su ko a rage su. Abin da ba ya sauyawa yawanci shi ne mazaunin inji da tazarar da ke tsakanin tayar gaba da fedar direba.

Misalan da aka fi ambata

Lokacin da Toyota ya buɗe reshen Lexus a 1989, da motoci biyu ya shiga kasuwa. LS 400 an ƙera ta ne daga farko, da inji mai silinda 8 da ke tura tayoyin baya. ES 250 kuma daga dangin Camry ta fito. ES ɗin da ta biyo baya a 1991 ma, a Japan sunanta Toyota Windom. Daga 2012 aka mayar da ES kan doguwar shimfiɗar Avalon, sannan a 2018 ita da Avalon da Camry suka haɗu a kan tushen GA-K. Tazarar tayar gaba da ta baya a ES da Avalon na wannan zubi milimita 2,870 ce, ta Camry kuwa 2,825. Injin lita 3.5 mai silinda 6 na ES 350 ɗan gidan 2GR ne, irin wanda ke cikin Camry mai silinda 6. A 2015 har masana'anta suka haɗa, a garin Georgetown na jihar Kentaki a Amurka, baya ga masana'antar Lexus da ke tsibirin Kyushu a Japan.

Akwai inda abin bai yi kyau ba. Cadillac Cimarron, wadda aka sayar daga 1982 zuwa 1988, Chevrolet Cavalier ce da aka sa wa kujerun fata da sabon tambari. An canza wa tuwo suna ne kawai, masu saye kuma suka gane tun daga nesa, har yau ana kawo ta a matsayin abin da ya zubar wa Cadillac da ƙima. Jaguar X-Type ta 2001 zuwa 2009, wadda aka gina a kan tushen Ford Mondeo lokacin da Ford ke riƙe da Jaguar, ta sha irin wannan gori, alhali ita an sake mata bodi da ciki gaba ɗaya. A nan za a iya cewa an fi ƙarfinta da surutu.

Wani lokaci abin kan juye. Volkswagen Phaeton ta 2002 da Bentley Continental Flying Spur ta 2005 tushensu ɗaya, har an taɓa harhaɗa wasu Bentley ɗin a masana'antar Phaeton da ke Dresden a Jamus. Bentley ta samu masu saye, Phaeton kuwa ta yi kwantai har aka daina ta a 2016, domin mutane sun ƙi biyan kuɗin alfarma a kan tambarin gama-gari. Rolls-Royce Ghost ta farko, ta 2009, ita ma ta ari wani sashe na tushen BMW 7 Series.

A Saudiyya

Kasuwar Saudiyya ta daɗe da sanin wannan al'amari. Kamfanin Abdul Latif Jameel na Jidda shi ne wakilin Toyota tun 1955, kuma shi ne wakilin Lexus, don haka motocin biyu hannu ɗaya ke shigo da su, ɗakin baje kolin ne daban. Camry ta cika titunan ƙasar, da ita ake tasi, da ita ake jigilar masu Umara tsakanin Jidda da Makka da Madina. Mai ES da ya tsaya a danja kusa da Camry ɗin haya yana kallon 'yar'uwar motarsa ce.

Kafin wannan, tushen Panther na Ford ne ya yi sarauta. Daga 1979 zuwa 2011 aka gina Ford Crown Victoria da Mercury Grand Marquis da Lincoln Town Car a kansa, dukkansu da shasi na gaske da bodi a ɗore, da inji mai silinda 8. Motocin sun karɓu a ƙasashen Gulf saboda faɗin ciki da ƙarfin AC da juriyar doguwar tafiya. Crown Victoria ta ƙarshe da ta fito daga masana'antar St. Thomas a Kanada, a watan Satumba na 2011, Saudiyya aka kai ta. Chevrolet Caprice da aka sayar a yankin daga 1999 zuwa 2017 ma Holden ce ta Ostareliya da aka sauya wa tambari.

Yadda masu motocin ke ɗaukar abin

Ra'ayi ya fi rabuwa ne bisa inda mutum ya sayi motar. Wanda ya ciro ES sabuwa daga wakala, wato wurin wakilin kamfani, ya biya tambari da martaba, musamman bayan harajin kaya ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 15 cikin ɗari a Yulin 2020. Shi ba ya son a ce masa Camry ce ta sa babbar riga. Amsarsa ita ce kama da wane ba ta wane, kuma yana da hujja. Motar alfarma tana samun ƙarin abin toshe ƙara a ƙofofi da ƙasa, gilashi mai rage hayaniyar iska, shokazoba da aka saita daban, fata da katako a ciki, da fenti mai ƙarin shafe. A kan hanyar Makka zuwa Madina, mai sama da kilomita 400, wannan bambanci ana jin sa a kunne da baya.

Wanda ya saye ta hannu na biyu a haraj, wato kasuwar gwanjon motoci, ko a wurin dillalai, kamar yadda Hausawa mazauna da dama ke yi, lissafinsa daban ne. A wurinsa zumuncin motar da Camry alheri ne. Makanikin sana'iyya, wato unguwar garejoji, ya san injin, filta da fulogi da wasu kayan ƙafa sukan yi daidai, kuma a tashlih, inda ake farke motocin da suka yi hatsari ana sayar da sassansu, ba ya rasa abin da yake nema. Irin wannan mai mota ne ke ce wa mai shago, yana kiransa baffa da Larabci, "Ammi, duba min lambar ta Toyota tukuna." Wannan sauƙi yana tsayawa ne a inji da giya da wasu kayan ƙafa. Fitila da bamba da madubi da gilashi na Lexus nata ne ita kaɗai, farashinsu ma na alfarma ne, kuma kayan ƙafa ba duka ke shiga ba, sai an gwada lambar kaya da lambar shasi.

Akwai rukuni na uku, masu son tuƙi, waɗanda ƙorafinsu na ƙira ne. Tushen Camry injinsa a gicciye yake kuma tayoyin gaba ke ja, nauyi ya taru a gaba, don haka motar ba ta shan kwana kamar Mercedes E-Class ko BMW 5 Series masu turi daga baya. Su suka fi jin zafin daina Lexus GS a 2020, wadda ke da irin wancan tsari, aka bar ES a gurbinta.

Abin da ya fi ɓata wa masu motocin rai shi ne wanda ido ke gani ko hannu ke taɓawa. Mutum kan yi shekaru bai damu da wane ne ya ƙera ƙarfen da ke ƙarƙashin kujerarsa ba, amma ranar da ya shiga tasi ya tarar da madannin gilashi irin na motarsa sak, ranar zancen ke tashi a majalisa.