Hamayyar ƙwallo tsakanin Jami'ar Michigan da Jami'ar Jihar Ohio

Hamayyar Michigan da Ohio ita ce karawar da ake yi shekara-shekara a wasan ƙwallon Amurka tsakanin ƙungiyar Jami'ar Michigan da ke Ann Arbor da ta Jami'ar Jihar Ohio da ke Columbus. Magoya bayan ɓangarorin biyu ba sa ma kiranta da dogon suna, "Wasan" kawai suke cewa, kowa ya gane. Ƙwallon da ake magana a nan ba tamaular da aka saba gani ba ce. Ƙwallo ce mai siffar ƙwai, da hannu ake ɗaukarta a ruga ko a jefa, 'yan wasa goma sha ɗaya a kowane ɓangare sanye da hular kwano, kuma wanda ya kai ta bayan layin abokan hamayya ya ci maki 6. 'Yan Michigan rawaya da shuɗi suke sawa, 'yan Ohio ja da ruwan toka.

Asali

Tsamin dangantakar jihohin biyu ya girmi wasan. A 1835 zuwa 1836 sun yi rigimar iyaka a kan yankin da garin Toledo yake, har kowa ya tara mayaƙa, ko da yake ba a gwabza yaƙin gaske ba. Ohio ta samu Toledo, aka ba Michigan yankin arewa da ke tsallaken ruwa, ta zama jiha a 1837. Magoya baya kan jingina gabar ƙwallon da wannan tsohuwar rigima.

An fara karawa ranar 16 ga Oktoba 1897 a Ann Arbor, Michigan ta ci 34 da nema. A wasanni 15 na farko Ohio ba ta yi nasara ko sau ɗaya ba: an ci ta 13, an yi canjaras 2. Sai a 1919, da taimakon gwarzonta Chic Harley, ta ci 13 da 3. Da Ohio ta yi bikin buɗe sabon filinta a 1922, Michigan ta je har gida ta doke ta 19 da nema, sannan ta maimaita 21 da nema a 1927 ranar bikin buɗe nata filin. Filayen nan biyu a yau kowane yana ɗaukar 'yan kallo fiye da 100,000.

A 1934 sabon kocin Ohio, Francis Schmidt, ya cire wa yaransa tsoro da cewa su ma 'yan Michigan da ƙafa ɗaiɗai suke zura wando kamar kowa. Daga wannan magana aka samo al'adar ba kowane ɗan wasan Ohio da ya doke Michigan wani ɗan ƙaramin wandon zinare na ratayawa, kuma har yau ana yi. Shekaru huɗu a jere, 1934 zuwa 1937, Michigan ba ta ci ko maki ɗaya ba. Daga 1935 aka mayar da wasan ƙarshen kaka, a ƙarshen Nuwamba, abin da ya ƙara masa nauyi, domin sau da yawa shi ke raba gardamar wa zai zama zakaran Big Ten, rukunin jami'o'in da ƙungiyoyin biyu suke fafatawa a cikinsa.

Wasan dusar ƙanƙara

Ranar 25 ga Nuwamba 1950 aka buga wasa a Columbus cikin guguwar dusar ƙanƙara, har layukan fili ba sa ganuwa sai an share. Riƙe ƙwallo ya zama haɗari, don haka kowa ya riƙa doka ta da ƙafa yana mayar wa abokin hamayya, yana jiran ya yi kuskure. Sau 45 aka yi haka. Michigan ta ci 9 da 3 ba tare da jifa ko ɗaya ya isa hannun ɗan wasanta ba. Bayan kakar kocin Ohio, Wes Fesler, ya ajiye aiki, aka ɗauko Woody Hayes a 1951.

Yaƙin shekara goma

Hayes ya ƙi jinin Michigan har ba ya son ambaton sunanta, sai dai ya ce ƙungiyar can ta arewa. A 1968 ya lallasa ta 50 da 14, kuma duk da wannan rata ya nemi ƙarin maki 2 a ƙarshen wasa, abin da 'yan Michigan suka ɗauka cin fuska ne. Shekarar da ta biyo, Michigan ta ɗauki Bo Schembechler, wanda ya yi wasa a ƙarƙashin Hayes, ya kuma yi masa mataimaki. Ohio ta iso Ann Arbor a 1969 tana ta ɗaya a duk faɗin Amurka, da nasara 22 a jere, sai ɗalibi ya kada malaminsa 24 da 12.

Daga nan zuwa 1978 su biyun suka yi ta fafatawa: Michigan ta ci 5, Ohio 4, canjaras 1. Canjaras ɗin ne ya fi barin tabo. A 1973 duka ƙungiyoyin sun zo ba wanda ya taɓa cin su a kakar, aka tashi 10 da 10, sai daraktocin wasanni na jami'o'in rukunin suka kaɗa ƙuri'a suka tura Ohio Rose Bowl, babban wasan bayan kaka da zakaran rukunin yake zuwa. Schembechler bai daina ƙorafi a kan wannan hukunci ba har ƙarshen rayuwarsa. An kori Hayes a ƙarshen 1978 bayan ya naushi ɗan wasan Jami'ar Clemson ana tsakiyar wasa.

Zamanin baya-bayan nan

Babu abin da ke nuna nauyin wannan wasa kamar labarin John Cooper. Ya horar da Ohio daga 1988 zuwa 2000, ya tara ƙwararrun 'yan wasa da nasarori masu yawa, amma a gaban Michigan sau 2 kawai ya ci, aka ci shi 10, canjaras 1, kuma da wannan aka fi tuna shi. Jim Tressel da ya gaje shi ya juya lamarin, ya ci 9 cikin 10, ko da yake daga baya an soke nasarar 2010 saboda karya dokokin gasa.

Ranar 18 ga Nuwamba 2006 ƙungiyoyin suka haɗu Ohio tana ta ɗaya a ƙasa, Michigan ta biyu. Ana gobe wasan Schembechler ya rasu. Ohio ta ci 42 da 39. Kocin Ohio Urban Meyer kuwa ya yi wasa 7 da Michigan daga 2012 zuwa 2018 bai sha kaye ko ɗaya ba.

A 2020 annobar korona ta sa aka soke wasan, karo na farko da aka tsallake shekara tun 1918. Koci Jim Harbaugh, wanda aka ci sau 5 a jere tun zuwansa Michigan a 2015, ya huce haushi a 2021 da ci 42 da 27. Michigan ta ƙara a 2022 da 2023, kakar da ta zama zakarar ƙasa. A 2024 ta sake yin nasara 13 da 10 a Columbus, alhali kusan kowa ya ba Ohio wasan. Da aka tashi, 'yan wasan Michigan suka nemi kafa tutarsu a tsakiyar fili, faɗa ya kaure har 'yan sanda suka fesa barkonon tsohuwa, Big Ten ta ci kowace jami'a tarar dala 100,000. Makonni kaɗan bayan haka Ohio, ƙarƙashin koci Ryan Day, ta ɗauki kofin ƙasa na wannan kakar.