Duba Darasin Juna Tsakanin Malaman Jami'a

Duba darasin juna tsari ne da malamin jami'a ke zama a lakcar takwaransa, ya duba kayan darasinsa, daga baya su tattauna abin da ya gani. Wani lokaci malamin ne ke gayyata don ya gyara koyarwarsa, wani lokaci kuma hukuma ce ke turo mai dubawa don a samu abin sawa a fayil kafin ƙarin girma. Waɗannan manufofi biyu ba kasafai suke zama inuwa ɗaya ba.

Tarihi

Malaman jami'a sun daɗe suna tace binciken juna kafin mujalla ta buga shi, amma koyarwa ta zauna tsakanin malami da ɗalibansa, ƙofa a rufe. Matakan da ake bi yau daga horar da malaman makaranta aka aro su. A Jami'ar Harvard, wajen ƙarshen shekarun 1950 zuwa cikin na 1960, Morris Cogan da Robert Goldhammer suka tsara ganawa kafin darasi, kallon darasin, sannan ganawa bayansa. Littafin Goldhammer ya fito a 1969, na Cogan a 1973.

Sai a shekarun 1990 abin ya kankama a jami'o'i. A 1990 Ernest Boyer, shugaban Gidauniyar Carnegie ta bunƙasa koyarwa, ya fitar da rahoton da ya ce koyarwa ma aikin masana ce, bai kamata bincike kaɗai ya riƙa ɗaga malami ba. A 1993 Lee Shulman na Jami'ar Stanford ya koka kan kaɗaicin malami a aji. Hujjarsa ita ce aikin da takwarori ba su gani ba, ba za su tantance shi ba, balle su daraja shi. Wajen 1994 ƙungiyar ilimi mai zurfi ta Amurka ta fara gwada tsarin a jami'o'i 12, Shulman da Pat Hutchings na kan gaba.

A Birtaniya ta ƙofar sa ido ya shigo. Masu tantance ingancin kwasa-kwasai, waɗanda daga 1997 suka koma ƙarƙashin QAA, hukumar kula da ingancin ilimi mai zurfi, a wancan lokacin sukan shiga aji su kalli darasi, sai sassa da dama suka fara nasu dubawar a cikin gida kafin baƙi su iso. A 2002 David Gosling, masanin harkar koyarwa a jami'a, ya kasa tsarin gida uku: na tantancewa, inda babba ke auna ƙarami, na horarwa, inda ƙwararre kan dabarun koyarwa ke ba da shawara, da na takwarori, inda duka biyun ke koyo. Har yanzu ana yawan ambaton wannan kason.

Yadda ake yi

Ana farawa da ɗan zama kafin lakca. Malami zai faɗi abin da yake so ɗalibai su fita da shi, yawansu, da inda yake so a sa masa ido, misali yadda yake jefa tambaya. Ran lakca mai dubawa zai zauna can baya, ya yi shiru, ya rubuta abin da ya faru da lokacinsa, ban da hukunci: an yi tambaya, malami ya jira daƙiƙa biyu ya amsa da kansa, rubutun allo bai isa layin ƙarshe ba, na baya sun duƙufa kan waya tun rabin lakca. A fannin kimiyya akwai fom mai suna COPUS, na 2013, da ake cikewa duk minti biyu, ana nuna abin da malami ke yi da wanda ɗalibai ke yi.

Zama na biyu ana so ya zo cikin 'yan kwanaki, kafin a manta. Malamin ne ke fara faɗin yadda ya ga darasinsa, sannan a tsayar da gyara biyu ko uku. Idan suka yi yawa, ba wanda zai aiwatar. Cikakken dubawa kan haɗa da manhajar kwas, tambayoyin jarrabawa da takardun da aka yi wa maki.

Matsaloli

Lakca ɗaya ba ta isa hukunci, musamman wadda aka shirya don baƙo. Abokai kan mai da abin cuɗe-ni-in-cuɗe-ka, fom ya cika da yabo. Ƙaramin lakcara kuwa da wuya ya iya gaya wa farfesan da ya duba digirinsa cewa murya ba ta kai baya. Wanda suke fanni ɗaya da malami yakan manta da ɗalibai ya koma gardamar abin da aka koyar, shi ya sa wasu jami'o'i ke ɗauko mai dubawa daga wata tsangaya.

Masana sun rabu kan sa rahoton a fayil. Wasu na ganin hakan ne zai sa a ɗauke shi da muhimmanci, wasu na cewa yana hana malami nuna rauninsa.

A Najeriya

Cikin hanyoyin duba aikin juna, abin da ya fi kafuwa shi ne tace tambayoyin jarrabawa a sashe da gayyato mai jarrabawa daga wata jami'a, al'adar da aka gada daga Birtaniya.