Na'urar gwajin suga ta gida ga kyanwa mai ciwon suga

Na'urar gwajin suga ta gida ƙaramar na'ura ce da ake riƙewa a tafin hannu, tana auna yawan sugan da ke cikin ɗigon jini a cikin 'yan daƙiƙoƙi. Don mutane aka ƙera ta tun asali, amma daga wajen shekarar 2000 likitocin dabbobi suka fara ba masu kyanwa shawarar su riƙa gwada dabbarsu da ita a gida. An ƙiyasta cewa ciwon suga yana kama kusan kyanwa 1 cikin 200, kuma ya fi yawa ga muzurun da aka fiɗiye, mai ƙiba, wanda ya fara manyanta. Na'urar tana nuna sakamako da mg/dL ko da mmol/L, gwargwadon ƙasar da aka saye ta. Idan aka raba adadin mg/dL da 18, sai a sami na mmol/L.

Tarihi

Tushen na'urar ya koma shekarar 1962, lokacin da Leland Clark da Champ Lyons suka bayyana yadda za a haɗa enzayim, wato sinadarin da ke hanzarta sarrafa abu a jikin halitta, da wutar lantarki a auna suga. A wajen 1965 kamfanin Ames na Amurka ya fito da Dextrostix, wata siririyar takarda da ake ɗiga wa jini, a jira minti ɗaya, a wanke, sannan a kwatanta launinta da jerin launukan da ke jikin kwalba. Ido ne alƙali, don haka mutum biyu suna iya duban takarda ɗaya su faɗi adadi biyu. Domin kawar da wannan matsala Anton Clemens, injiniya a kamfanin, ya ƙera na'urar da ke karanta hasken da takardar ke mayarwa, wadda ta fito a wajen 1970. Nauyinta ya kai kusan kilo guda, kuma don ofishin likita aka yi ta. Sai a ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980 masu ciwon suga suka fara gwada kansu a gida.

Kyanwa ta daɗe ba ta ci moriyar wannan ci gaba ba. Na'urorin farko suna buƙatar babban ɗigo, jinin kyanwa kuwa daga jijiya ake ɗiba a asibiti, sau da yawa bayan kokawa. A shekarar 2000 Gerhard Wess da Claudia Reusch na Jami'ar Zurich a Suwizalan suka wallafa bincike kan na'urorin mutane guda 5 da suka gwada a jinin kyanwa, da kuma wata dabara ta samun jini daga kunne. Sun gano cewa na'urorin suna ɗan kauce wa sakamakon ɗakin gwaje-gwaje, amma kaucewar ba ta cika kai wa inda za ta sa a yanke shawarar magani mai haɗari ba. A kan wannan aiki ne gwajin gida ya samu gindin zama a Turai.

Daga baya kamfanin Abbott ya fito da AlphaTRAK, na'urar da aka daidaita ta da jinin kare da na kyanwa, wadda ɗigon da bai wuce maikirolita 0.3 ba ya ishe ta. Ta koma hannun kamfanin Zoetis a 2015, lokacin da ya sayi sashen dabbobi na Abbott. Ƙa'idojin ƙungiyar ISFM ta likitocin kyanwa na 2015, da na ƙungiyar asibitocin dabbobi ta Amurka, AAHA, na 2018, duk sun goyi bayan gwajin gida.

Dalilin gwadawa a gida

Kyanwa dabba ce mai saurin firgita. Sa ta cikin akwati, tafiyar mota, warin asibiti da riƙon baƙin hannu suna sa jikinta ya saki suga cikin jini, har lafiyayyar kyanwa ta nuna adadin da ya yi kama da na mai ciwo. Saboda haka injin asibiti yana iya auna jinin daidai ƙwarai, amma jinin kyanwar da ke cikin tsoro ya auna, ba na wadda ke kwance a inda ta saba ba. Likitan da ya ƙara insulin, allurar da ke sauke suga, bisa wannan adadi yana iya ba da fiye da abin da ake buƙata. Na'urar gida mai ɗan kuskure, a jikin kyanwa mai natsuwa, takan fi ba da hoton gaskiya.

Ma'aunin daidaito

Ana gwada na'ura ne ta hanyar kwatanta ta da injin ɗakin gwaje-gwaje, wanda galibi yake aiki da enzayim ɗin hezokinas a kan ruwan jinin da aka tace. Ma'aunin da aka fi ambato shi ne ISO 15197. Bugun 2003 ya yarda da kaucewar mg/dL 15 idan suga ya gaza 75, da kashi 20 cikin 100 daga nan zuwa sama. Bugun 2013 ya ƙara tsauri: kashi 95 cikin 100 na sakamako dole su faɗa cikin mg/dL 15 idan suga ya gaza 100, ko cikin kashi 15 cikin 100 idan ya kai 100 ko ya wuce. Don mutane aka tsara wannan ma'auni, masu binciken dabbobi aro suka yi.

Ko na'urar da ta cika sharaɗin tana da sarari mai faɗi. Idan ainihin sugan kyanwa 300 ne, tana iya nuna komai tsakanin 255 da 345, kuma duk wanda ta nuna hukuncin likita ɗaya ne: suga ya yi yawa. Idan kuwa ainihinsa 60 ne, tana iya nuna 45 ko 75. Adadi na farko zai sa a ruga a ba kyanwa abinci ko zuma, na biyu kuma zai sa a ɗauka lafiya lau. Kuskuren da ba ya cutarwa a sama, a ƙasa yake da nauyi. Wannan ne ya sa masu bincike suke haɗawa da jadawalin Clarke na 1987 ko na Parkes na 2000, waɗanda ke rarraba kuskure bisa illar da zai jawo wa mara lafiya, ba bisa girmansa kaɗai ba.

Na'urar mutane da ta dabbobi

Suga yana rabuwa tsakanin ruwan jini da jajayen ƙwayoyin jini, kuma rabon ya bambanta daga halitta zuwa halitta. Alƙaluman da aka saba kawowa sun nuna cewa a jikin mutum kusan kashi 58 cikin 100 na suga yana cikin ruwan jini, a jikin kare kusan 87, a jikin kyanwa kuwa kusan 93. Na'urar mutane tana lissafi ne bisa rabon mutum, don haka yawancinsu sukan nuna adadin da ya gaza na ɗakin gwaje-gwaje idan aka ɗiga musu jinin kyanwa, kuma tazarar takan ƙaru yayin da suga ke hawa. Ba duka suke kaucewa zuwa ƙasa ba. Na'urar dabbobi takan fi kusantar sakamakon ɗakin gwaje-gwaje, ko da yake wasu bincike sun same ta tana ɗan zarcewa.

Babu wani adadi guda da za a ƙara a kan sakamakon na'urar mutane ya koma na dabbobi, domin tazarar ba ɗaya ba ce a kowane mataki. Abin da likitoci suke yi shi ne ɗaure iyakokin magani da irin na'urar. A tsarin da Kirsten Roomp da Jacquie Rand suka wallafa a 2009, na sarrafa suga da wani nau'in insulin mai suna glargine, an sa burin mg/dL 50 zuwa 100 a na'urar mutane, kuma kashi 64 cikin 100 na kyanwoyin sun kai ga daina buƙatar allura. Wanda ya ɗauki waɗannan iyakoki ya ɗora su a kan na'urar dabbobi zai tura kyanwarsa ƙasa da inda aka nufa.

Ana saɓani kan ko tsadar tsinkayen na'urar dabbobi, wato siraran takardun da ake ɗiga wa jini, ta cancanta. Wasu likitoci ba sa karɓar sakamakon wata na'ura sai ita, wasu kuma suna ganin kowace mai inganci ta wadatar, muddin ba a sauya ta.

Abubuwan da ke ɓata sakamako

Kaurin jini yana kan gaba. Kyanwa mai ƙarancin jini, kamar mai ciwon ƙoda, takan sa na'ura ta nuna adadi sama da gaskiya, wadda ruwan jikinta ya ƙafe kuma ƙasa da gaskiya. Ɗigon da bai cika tsinke ba, tsinken da wa'adinsa ya wuce ko ya sha danshi, da zafi ko sanyi mai tsanani duk suna kawo kuskure. A na'urar dabbobi da ake saita wa lamba kafin gwaji, lambar kare daban ta kyanwa daban. Idan an shafa wa kyanwa zuma a dasashi, ragowarta a yatsan mai gwaji ta isa ta ɗaga sakamako.

Kwatanta na'ura da ɗakin gwaje-gwaje ma yana da tarko. Ƙwayoyin jini suna ci gaba da cin suga a cikin kwalba, kusan kashi 5 zuwa 10 cikin 100 a kowace awa, idan ba a tace jinin da wuri ba ko ba a sa shi a kwalba mai fulorayid, sinadarin da ke hana wannan cin, ba. A irin wannan hali na'urar ake ɗora wa laifi, alhali samfurin ne ya lalace.

Daga gefen kunne ake samun jini, bayan an ɗumama shi, ko daga tafin ƙafa. Bambancinsa da jinin jijiya kaɗan ne.

Sauran hanyoyi

Gwajin furuktosamin yana nuna matsakaicin suga na mako 1 zuwa 2 da suka wuce, kuma tsoron asibiti ba ya taɓa shi, sai dai ba ya nuna lokacin da suga ya faɗi. Suga ba ya fitowa a fitsarin kyanwa sai ya haura wajen mg/dL 250 zuwa 290 a jini. FreeStyle Libre, wadda ta fito a Turai a 2014, ana manna ta a fatar da aka aske, tana auna sugan da ke cikin ruwan ƙarƙashin fata har kwana 14, amma takan ɓalle kafin nan, kuma idan ta nuna suga ya faɗi ana tabbatarwa da ɗigon jini. Kyanwar da ke shan maganin suga na bexagliflozin, wanda hukumar FDA ta Amurka ta amince da shi a ƙarshen 2022, ko velagliflozin, tana iya tara kiton mai haɗari, wato sinadarin da jiki ke samarwa idan yana ƙona kitse, alhali suganta bai hau ba, don haka ana auna mata kiton daban.